Kafin Mu Miƙa Taimako, Mu Shiga Gida

 

An ce mu ɗan yi magana kan aikin jin daɗin jama'a. To, mu 'yan kasuwa ne, ba mu yi karatun abin ba, amma mun lura da yadda ƙwararrun ma'aikatansa ke yi. In aka kai musu mabukaci, ba abin da zai ci kaɗai suke tambaya ba. Sai sun ji da wa yake zaune, wa ke binsa bashi, wa zai tsaya masa. Wannan shi ne ɓangaren zamantakewa a aikin, kuma a nan kwamitinmu yake da rauni.

Iyayenmu sun san wannan. Da suka taso daga Kano da Katsina da Zariya suna bin auduga da gyaɗa zuwa Gombe, baƙo wurin maigida yake sauka. Shi zai ba shi ɗaki, ya kai shi kasuwa ya ce yarona ne, ya shige masa gaba wajen neman aure. Kuɗi ne ƙarshen abin da yake ba shi.

Mu kuwa fa? Bayan bam ya tashi a babbar kasuwa ana jajibirin ƙaramar salla a 2015, mun yi karo-karo muka saya wa matar wani ɗan'uwanmu da ya rasu keken ɗinki. Muka yi addu'a, muka watse. Ba a yi wata uku ba ta sayar da shi. Wallahi har da mu a masu cewa ta yi butulci. Sai da iyayenmu mata suka shiga gidan aka gane: kuɗin haya ya taru, 'yan'uwan mijin sun janye jiki, ga goyo, kuma a unguwar ba wanda ya san ta balle ya kawo mata ɗinki. Keken ba shi da laifi, mu ne ba mu tambaya ba.

Da aka koma, mai unguwa ya zaunar da mai gidan haya, liman ya kira ƙannen mamacin, wata Hajiya ta riƙa tura mata ɗinkin 'yan Islamiyya. Yau da kanta take biyan haya.

Don haka muna roƙon kwamiti: daga wannan wata kada a fitar da ko kwabo daga asusu sai mutum biyu, mace da namiji, sun je gidan sun zauna sun ji. Masu iya zuwa Bolari da Pantami su ba sakatare sunayensu kafin a tashi.