Zarto, Guduma da Iyaka: Nasiha ga Mai Son Ƙere-ƙeren Katako a Zangon Lome

 

Yau hirarmu a kan katako take. Ba da kafinta mai shago da yara nake ba, shi ya san aikinsa. Da kai nake, wanda in ka samu sarari kake son ka haɗa benci da hannunka, ko akurkin kaji, ko komin da tumaki za su ci dusa, ko kantar jera kaya a shago. Sha'awa ce mai kyau, kuma tana rage kashe kuɗi. Amma mutane da yawa a wurin sayen kayan aiki suke yin asara, tun ba su buga ƙusa ko ɗaya ba.

Mutanen Zango ba baƙin gina wuri da hannu ba ne. A 1977 aka tashi tsohon Zango daga tsakiyar Lome aka mai da shi arewacin gari, wajen kilomita 15, inda yau muke kira Agoe-Zongo, bakin babbar hanyar da ta nufi Burkina. Duk wanda ya tashi a unguwar ya ji labarin yadda iyaye suka sake kafa rumfa da ƙyaure daga farko. To yau ga hanya, ga manyan motoci, ga tashar jiragen ruwa, kaya na shigowa ta ko'ina. Wuyar ita ce zaɓe.

Shawarata ta farko: kada ka sayi kayan aiki don sun burge ka. Aikin da ke gabanka shi zai gaya maka abin da za ka saya. Don benci ko komi, abu shida sun isa: zarto, guduma, tef na awo, sukwaya mai daidaita kusurwa, kurfi guda ɗaya, da magagari. In ka ƙara dutsen wasi, ka gama. Mai sassaƙa turmi ko ƙotar gatari kuwa, gizagon maƙerin unguwa ya fi masa duk abin da jirgi ya kawo, domin in ya dakushe ko ya karye, ga wanda ya ƙera shi nan kusa.

Yaya za ka gane na ƙwarai? Zarto, ka ɗaga shi ka hango tsawonsa da ido ɗaya, in ya karkace ka ajiye. Ka ɗan lanƙwasa shi ka saki, mai kyau zai koma daidai. Ka duba haƙoran: in sun yi baƙi-baƙi ko shuɗi, irin wanda aka ƙona wa baki ne, yana da kaifi sosai amma magagari ba ya cin sa, ranar da ya dakushe sai dai a yar. Mai zama a daji ya fi kyau ya nemi wanda ake wasawa. Sukwaya kuma, ka ɗora ta a gefen falanki madaidaici ka ja layi, ka juya ta ka sake ja a wuri guda. In layin biyu suka rabu, ƙarya take yi, kuma duk abin da ka haɗa da ita zai gurgunce. Guduma, ka girgiza kan. In yana motsi a kanti, a kan yatsanka zai fita.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu mutanen iyaka. Abu uku ne ke canzawa in ka tsallaka: awo, wuta, da doka.

Awo tukuna. A Gana da Najeriya da inci da ƙafa ake cinikin katako, ka ji ana tubaitu, tubaifo. Nan Togo da Benin da Nijar santimita ne da mita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, falanki mai ƙafa 12 kuwa mita 3 ne da santimita 66. Wanda ya auna ƙofa da santimita a Zango ya aika Aflawo a yanko masa, bai faɗi da wane awo ba, shi da mai katako sai sun yi rigima. Ka sayi tef mai awo biyu a jiki, ka huta.

Na biyu, wuta. Lantarkin Togo bolt 220 ne. Cikin kayan gwanjo da ake sauke wa a tashar ruwa akwai injin huda da injin yanka da suka fito daga Amurka, su kuwa 110 zuwa 120 suke sha. Ka jona shi kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Har na Ingila akwai masu 110, irin na wurin gini. Saboda haka ka karanta ɗan allon da ke jikin injin kafin ka taya. Filogi ma daban ne: na Gana da Najeriya ƙafa uku ne masu faɗi, namu ƙafa biyu ne zagayayyu. Injin mai batir kuwa, rabin kuɗinsa a batir yake. In ba caja, ko batirin ya mutu, ƙarfe ka saya. Ka sa mai kaya ya jona a gabanka, ka saurari ƙara, ka sansana, ka karɓi rasit, don shi za ka nuna wa duwan a hanya.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonku ku bari, wato ɗaura faifan zarto a jikin injin gurza ƙarfe. Ƙaramin injin nan yana juyi wajen sau 11,000 a minti, injin yankan katako kuwa wajen rabin haka. In haƙori ya cije a katako, injin zai yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. Yatsa ba ya tsirowa, jama'a.

Na uku, doka, kuma nan nake son makiyaya su buɗe kunne. Kun san madobiya. Ku kuka fi kowa saninta, domin ganyenta ne ke riƙe shanu da rani in ciyawa ta ƙare. Itacen nan aka yi ta sarewa ana lodawa zuwa Sin har ya kusa ƙarewa a dazukanmu. A 2016 gwamnatin Togo ta dakatar da sararsa da shigo da shi da fitar da shi na shekara goma, kuma daga farkon 2017 ya shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa wa ido. In wani ya tallata maka jan katako mai araha ba takarda, ka tambayi ma'aikatan gandun daji kafin ka ɗora a mota. Araha ba ta ado in kaya suka kwana a hannun hukuma. Kuma bencin da aka yi da madobiya, abincin saniyar wani ne aka zauna a kai.

To da me za ka yi aiki? Akwai tik, wanda ake shukawa a Togo tun zamanin Jamusawa, kuma hukumar ODEF ke kula da gonakinsa na gwamnati. Yana jure ruwa, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai yana dakushe kaifi da sauri, kuma yana son a huda kafin a buga ƙusa don kada ya tsage. Akwai wawa, farin katakon Gana, mai laushi da sauƙin yanka, daidai da mai koyo, amma na cikin ɗaki ne, in ya taɓa ƙasa gara ta samu abinci. Kowanne ka saya, ka nemi busasshe. Ɗanyen falankin da aka haɗa a raɓar Lome, in ya isa Dapaong ko Yamai cikin hunturu zai tsuke ya buɗe baki. Ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa, ka ba shi makonni.

Katakon da ake ɗora kaya a kwantena ma yana da amfani, kuma yana da yawa a garin nan. Ka duba hatimin jikinsa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB na nufin da hayaƙin magani. Don komin dabbobi ka ɗauki mai HT, ka guji duk wanda mai ko wani sinadari ya zuba a kai. Baƙin man mota da ake shafa wa dirka saboda gara, a ƙafar dirka zai tsaya, kada ya shiga inda dabba ke lasa.

Kuma don Allah ka tsince ƙusoshinka. Saniya ba ta tantance abin da take haɗiya. Ƙusa ɗaya cikin dusa tana iya huda tumbi ta kai ga zuciya, dabbar da ka yi shekaru kana kiwo ta tafi a banza. Ka yi aikinka nesa da garke, in ka gama ka bi wurin da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ya isa.

Abu na ƙarshe, iskar teku gishiri gare ta. Zarton da ka bari a waje dare biyu a Lome zai yi ja. Ka goge shi da tsumma mai ɗan mai, ka rataye, ka ajiye sauran a akwati mai murfi. Akwatin nan ma shi ya kamata ya zama aikinka na farko, don a jikinsa za ka koyi awo da yanka da haɗi, in ya karkace kuma ba wanda zai zauna a kai ya faɗi.

Nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman iyayenmu masassaƙa da suka fi mu sani, ƙofar shirin a buɗe take. Allah ya tsare hanya, ya ba da damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.