Fadama gidan ruwa ce
Jawabi ga mazauna unguwar Talaje



Sau biyu a shekara kogin Isa yake cika a Yamai. Cikar watan Janairu ruwan ƙasar Gine ce, wanda ba ya iso mana sai damina ta daɗe da wucewa, domin fadamun Masina, a ƙasar Mali, sun tare shi, sun baza shi cikin burgu da tabkuna, suna sakinsa sannu sannu. Da wuya wannan ruwa ya rushe ɗakin wani.

Ɗaya cikar kuwa, jan ruwan Ogusta da Satumba, daga Sirba da Dargol da Goruwal yake gangarowa, ba wata babbar fadama a gabansa da za ta rage masa ƙarfi. Shi ya ci mu a 2010 da 2012. A Satumban 2020 ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali kuwa tun daga mita 6 da santimita 20 ake shelar haɗari mafi tsanani. Mutanen Lamorde da Kirkisoy, da maƙwabtanmu na Saga, ba sai an ba su labari ba.

In kuka bi kogin nan har inda ya faɗa teku, a kudancin Najeriya, za ku tarar da dazuzzukan fadama, itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri, inda kifi ke hayayyafa. A ƙasar Ogoni man fetur ya kashe su, har rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran zai iya cin shekara 30.

Mu namu man fetur ɗin siminti ne. Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu tun 1987, amma kwarin da iyayenmu suka bar wa ruwa da shinkafa da masu garka, yau an yanka shi fegi fegi, da takarda da hatimi. Wa ya sa hannu? Ruwa dai ba ya karanta takarda.

Ma'aikacin da ya tara albashin shekara goma, da ɗan kasuwar da ke neman wurin sito, ina roƙonku: kada ku biya kuɗin fegi da rani. Ku je ku duba shi a watan Ogusta, bayan an yi ruwan dare, ku tambayi tsofaffin masu garka na wurin inda ruwa ya tsaya a 2020.