Minshari: Dalilansa da Hanyoyin Rage Shi

Jawabin wayar da kai ga jama'ar Anguwan Rukuba, Jos



Abin da ya tara mu yau abu ne da akan mai da shi abin dariya, watau minshari. Mutane da dama kan ce mai minshari barci mai daɗi yake yi. Ba haka ba ne. Idan mutum ya yi barci, harshe da ganɗa da naman maƙogwaro duk sukan saki. In hanyar numfashi ta ƙuntata, sai iska ta kutsa da ƙarfi, tattausan naman nan da belu su riƙa karkarwa. Ƙarar wannan karkarwa ita ce minshari.

Abubuwan da ke ƙuntata hanyar sanannu ne. Na farko ƙiba, musamman kitsen wuya. Na biyu kwanciya rigingine, domin harshe kan koma baya. Na uku toshewar hanci. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kowa kuwa ya san sanyi da ƙurar hunturu a Disamba da Janairu, lokacin da mura kan tilasta wa mutum numfashi ta baki. Na huɗu giya, ko burukutu ce ko goskolo, da ƙwayoyin sa barci, don suna ƙara sakin naman maƙogwaro. Taba kuma tana kumbura shi. Har wa yau abin yakan ƙaru da shekaru, ya kuma fi yawa ga maza.

Mafi yawan maganin yana hannunku. A kwanta a kan gefe, a ɗan ɗaga wajen kai. Mai ƙiba ya rage maiƙo da zaƙi, ya yawaita tafiya a ƙasa. A bar taba, a guji giya, balle gab da kwanciya. A kakkaɓe ƙurar ɗaki, a nemi maganin mura da wuri. Kada a kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki saboda sanyi: hayaƙinsa yana toshe hanci, gubarsa kuwa tana kisa.

To, akwai minsharin da ya wuce dabarar gida. Uwargida, maigida, ku saurari wanda ke kwance kusa da ku. In yana cikin minshari sai ya yi tsit, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, sa'an nan ya zabura kamar wanda aka shaƙe, wannan cuta ce. Mai ita kan tashi da ciwon kai, ya wuni yana gyangyaɗi. In an ƙyale ta, tana iya jawo hawan jini, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ku dubi direban da barci ya sace yana gangara Hawan Kibo da mota cike da fasinja. Ran mutum nawa ke hannunsa?

Irin wannan sai asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Tun 1981 wani likita a Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da na'urar da ke hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe har gari ya waye, kuma da ita ake taimakon masu cutar a duniya.

Iyaye, yaron da ke minshari kullum, yana barci baki buɗe, sau da yawa naman bayan hancinsa ne ko na gefen maƙogwaro ya kumbura. Likita zai duba shi. Kada a kai shi wurin wanzami a cire masa belu. Ba nan cutar take ba, ga kuma haɗarin zubar jini da kamuwa da cuta daga aska.

Mai minshari ba ya jin kansa, saboda haka nauyin yana kan wanda ya ji shi. Ku faɗa masa cikin mutunci, in ta kama ku raka shi asibiti.

Allah ya ba mu lafiya.