Harbin Lekki: Dare Ɗaya, Labari Uku

 Batun da za a tattauna a kai yau shi ne abin da ya auku a ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Lekki, cikin birnin Ikko, ran Talata 20 ga Oktoba 2020, da kuma dalilin da ya sa har yanzu bakin mutane bai zo ɗaya a kansa ba.

Akwai abin da kowa ya yarda da shi. Matasa sun yi kwana da kwanaki zaune a wurin suna neman a kawo ƙarshen zaluncin 'yan sandan SARS. A ranar, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya kafa dokar hana fita daga ƙarfe 4 na yamma, daga baya aka ɗaga ta zuwa ƙarfe 9 na dare. Amma tun kafin ƙarfe 7 soja suka iso, aka ji ƙarar bindiga. Daga nan ne hanya ta rabu uku.

Labari na farko na soja ne. Da fari sun ce ƙarya ce, ba su je wurin ba. Bayan 'yan kwanaki Runduna ta 81 ta amsa cewa ta je, bisa roƙon gwamnatin jiha. Birgediya Ahmed Taiwo ya gaya wa hukumar bincike cewa harsashin wofi aka harba sama, daga bisani kuma ya yarda cewa sojan suna ɗauke da harsashin gaske. Ministan Watsa Labarai na lokacin, Alhaji Lai Mohammed, ya tsaya a kan cewa ba a yi kisan gilla ba, tun da ba a nuna gawawwaki ba.

Labari na biyu na waɗanda suke wurin ne. Sun ce an kashe fitilu, an harbe su suna zaune suna rera taken ƙasa, kuma soja sun kwashe gawawwaki. Ƙungiyar Amnesty International ta ce aƙalla mutum 12 aka kashe a Lekki da Alausa. Hukumar Mai Shari'a Doris Okuwobi, wadda gwamnatin jihar ta kafa da kanta, ta miƙa rahoto ran 15 ga Nuwamba 2021, ta lissafta mutum 48 da abin ya rutsa da su, 11 sun mutu, 4 sun ɓace.

Labari na uku na gwamnatin Ikko ne. A farar takardarta ta karɓi shawarwari 11 daga cikin 32, ta ce shaidar likitan binciken gawa mutum ɗaya tak ta nuna harsashi ya kashe a Lekki. A shekarar 2024 kuma Kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa Nijeriya ta keta haƙƙin waɗanda suka kai ƙara.

To, in an lura, duk gardamar a kan abu ɗaya take, watau gawa da suna. Wanda ya kwashe gawa shi ke riƙe da shaida, wanda kuwa ba a san sunansa ba, ba ya shiga lissafi.

Wasu 'yan Arewa sun ce wannan rigimar mutanen Kudu ce. Sai su tuna da Zariya a watan Disamba 2015, inda hukumar Mai Shari'a Mohammed Garba ta ji shaidar cewa an binne mutum 347 a rami ɗaya, alhali soja sun faɗi adadi kaɗan ƙwarai. Harsashi ba ya tambayar garin mutum.

Saboda haka akwai aiki a wuyan sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa a Agege, Idi-Araba da Mile 12. Mai shayi da ɗan acaba da mai gadi, in suka ɓace a daren tarzoma, wa zai kai cigiya? Kowace ƙungiya ta ajiye littafi mai sunan mutanenta da garinsu da na wani ɗan'uwansu. In abu ya faru, a kai ƙara a rubuce, a riƙe kwafi, a je asibiti a nemi takardar likita. Ranar da hukumar bincike ta zauna, da wannan za a tsaya a gabanta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba ƙasa zaman lafiya, amin.