In Firijin Mota Ya Mutu, A Fara Duba Batir

Jawabi ga ma'aikatan lafiya na sa-kai da dattawan ikkilisiyoyin ƙauyuka a Babban Mutum

 

Maganarmu ta yau a kan ƙaramin firijin nan ne da muke sa wa a mota in za a kai magani ƙauye, wanda ke aiki da batir mai bolt 12. Wani zai ce wannan ai aikin direba ne. To, abin da ke cikinsa na 'ya'yanmu da matanmu ne: allurar rigakafi, allurar oksitosin da ke tsayar da jini bayan haihuwa, da insulin na masu ciwon suga. Dukansu ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. A watan Afrilu kuwa zafin ƙasar Daura yakan wuce digiri 40. Maganin da zafi ya kashe ba ya canza kala ko wari. Za a yi wa mai haihuwa allura, jini ya ƙi tsayawa, ba wanda zai gane cewa tun a hanya maganin ya rasa ƙarfinsa.

Saboda haka in firiji ya tsaya, kafin a taɓa ko waya ɗaya, a duba ma'aunin zafi, a rubuta awa, a kwashe magani zuwa akwatin sanyi mai robobin ƙanƙara. Gyara yana iya jira.

Abin da muka lura shi ne, da zarar firiji ya ƙi sanyi sai a ce gas ya ƙare, a ɗauke shi zuwa Daura wurin mai gyara. Gas ɗin firiji a rufe yake, ba ya ƙarewa kamar man mota sai in bututu ya huje. Yawancin lokaci firijin lafiyarsa lau, wuta ce ba ta kai masa yadda ya kamata. An ƙera shi da dabarar kashe kansa in ƙarfin batir ya sauka, don kada ya zuƙe batirin har mota ta ƙi tashi. Alamar ita ce injin ya yi ƙoƙarin tashi, ya ɗan yi gurnani, ya mutu, bayan ɗan lokaci ya sake gwadawa. A firiji masu yawa za a ga E1 ko F1 a fuskarsa. Masu injin Danfoss kuma ƙaramar fitila ce ke ƙiftawa: sau ɗaya yana nufin batir ya yi ƙasa, sau biyu fanka, sau uku injin ya kasa tashi, sau biyar zafi ya yi masa yawa.

A nan ne ƙaramar mitar auna wuta ke da amfani, kuma muna roƙon kowace ikkilisiya mai firiji ta saya, ta fi zuwa Daura sau ɗaya araha. Batirin da ya cika, bayan ya huta, yana nuna kamar bolt 12.6. In ya nuna 12.1 ko kusa da haka, rabi ya tafi. In mota na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.4, in ba a gani ba, matsalar daga cajin motar take, sai a nemi mai rewaya.

Amma a kula da wannan, don nan ne ake yawan ruɗewa. Ana iya auna kan batir a ga 12.5, a ce batir lafiya. A sake aunawa a bakin firijin, a daidai lokacin da injin ke ƙoƙarin tashi. In wuta ta faɗi sosai a can, to a hanya take zubewa. Siririyar waya mai tsawo kamar ƙaramin tiyo ne, ruwa na tanki amma kaɗan ke isa shuka. Soket ɗin sigari na mota shi ne babban mai laifi. A hanyoyin yashi da gargada na ƙauyukan Baure, filogin yakan saki a hankali, ya yi zafi, wani lokaci har robarsa ta narke. Ga shi kuma a motoci da yawa soket ɗin yana mutuwa da zarar an zare makulli, direba na can yana cin tuwo firiji ya daɗe da tsayawa. Shawararmu ita ce a ja waya mai kauri, gajera, kai tsaye daga batir, a sa fis kusa da batirin. In fis ya ƙone a sa irinsa. Masu naɗa zaren waya a madadinsa, gobara suke gayyata. Kan batir da ya yi farin gari kuma a kankare shi a ɗaure tam.

Sai lissafin batir. Irin wannan firiji yakan ja kamar amfiya 4 in injin na juyawa. Da bazara yakan yi fiye da rabin lokaci yana juyawa. Batir mai amfiya 100 ba a so a sha fiye da rabinsa, wato 50, in ana so ya yi ƙarko. Ku yi lissafi da kanku, ba zai kai kwana ɗaya cur ba. Don haka firiji ya samu batirinsa dabam da na tayar da mota, da farantin sola mai yi masa caji. Kuma don Allah, batirin firiji ba na cajin wayoyin matasa ba ne, ba na amsa-kuwwar sujadar Lahadi ba ne. Dattawa, wannan a hannunku yake.

Ƙurar hunturu ma tana toshe ragar da iska ke fita. A goge ta da burushi, kada a jingina buhun gero a jikinta, a ajiye mota a inuwa, a rage buɗe murfi. In an ga wuta na isa daidai, fanka na juyawa, injin na aiki amma bango bai yi sanyi ba, sai a lokacin ne za a kai wa mai gyara.

Sanyi ma yana ɓata magani. Wasu sukan sauke ma'auni ƙasa da sifiri wai don a tabbata. Allurar fenta, wadda Nijeriya ta fara bayarwa a 2012, da ta tetanus ta masu ciki, da insulin, in suka daskare sun lalace. A sa firiji a digiri 5, kada kwalabe su taɓa bango, ma'aunin zafi dabam ya zauna a tsakiyarsu, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma.

A jikin kwalbar rigakafi akwai da'ira mai ɗan murabba'i a ciki. In murabba'in ya fi da'irar haske, kuma kwanan watan bai wuce ba, ana iya amfani da ita. In ya yi duhu daidai da da'irar ko ya fi ta, an daina. A ware ta a mayar wa ma'aikacin lafiya na gwamnati, a faɗa masa awa nawa firijin ya yi a mace. Insulin dai ba shi da wannan alama, don haka rubutun awa shi ne shaidar da za a yi hukunci da ita.

Firijin mota na tafiya ne kawai. Rigakafin da ya rage da yamma a mayar da shi firijin asibiti a ranar, kada ya kwana a mota. Bayan hutun cin abinci za mu fita waje wurin motar, kowace ikkilisiya ta turo mutum biyu, mace da namiji, su riƙe mitar da hannunsu su auna batir.