Ƙasarmu da Kogin Haɗeja: Jawabi ga Dattawa da Membobin Ikkilisiya



An ce in yi magana a kan ƙasar noma da kogin da muke zaune a gefensa. Yawancin ikkilisiyoyinmu na ƙauye ne. Ranar da gona ta kasa ciyar da gida, samari birni suke tafiya, a bar tsofaffi su kaɗai a majami'a. Saboda haka wannan magana tamu ce.

Kogin Kano da na Calawa su ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, wanda yake bi ta fadamun Haɗeja da Nguru, ruwansa ya nufi Tafkin Cadi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa kuma a ƙasar Ƙaraye a 1992. Babu mai musun amfaninsu, ga shinkafa da tumatir na Kura da Kadawa. Amma ku tambayi mutanen gangare. A da ruwa yakan malale fadama da damina, ya janye da rani, a yi shuka a danshinsa. Yanzu yana tafiya a hankali rani da damina, yashi da laka suna kwantawa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ga jan baki yana kwana a cikinta yana faɗa wa hatsi. Wani ƙauye ya rasa ruwa, wani kuwa ruwa ya ci shi. Kun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa.

'Yan'uwa, makullin madatsa ba ya hannunmu. Amma wani sashe na ƙasar da ke cike kogin daga gonakinmu yake fitowa. Muna noma har bakin gaɓa, muna sare itatuwa don gawayi, muna ƙone kara da ciyawa. Ruwan farko ya zo ya sami ƙasa tsirara, ya kwashe mai kyaun ya bar mana kwazazzabo. Wasu ma da hannunsu suke sayar wa masu tifa yashin gaɓa, bayan shekara biyu gonar ta rufta.

Ku dubi manoman Maraɗi a Nijar. Tun wajen 1983 suka fara barin kututturan itatuwa su tofo a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Ba su sayi dashe ba, ba su yi ban ruwa ba, amma miliyoyin kadada a Maraɗi da Damagaram sun sake yin itatuwa. Gawo kuwa kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana.

Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta zaga gonar ikkilisiya kafin ruwa ya sauka. A bar 'yan taku daga bakin rafi ba noma, a dasa gamba ko jema a wurin, a jera duwatsu inda ruwa ya fara yanka. Sa'an nan a je wurin mai unguwa da maƙwabtanmu Musulmi da makiyaya a shawarta tare, domin in mu kaɗai muka gyara gaɓarmu, ruwa zai shigo ta gonar da ke sama da mu.