Magana Zarar Bunu: Jawabi Ga Mutanen Boɗinga Da Shagari

Jama'a, a da in mutum yana so gari ya ji maganarsa, sai ya zama malami mai majalisi, ko maroƙi, ko sanƙiran sarki. Yau kuwa yaro ɗan shekara ashirin yana zaune gindin bedi a Boɗinga da waya a hannu, abin da ya faɗa bayan Azahar dubban mutane sun ji shi kafin La'asar, daga Sakkwato har Birnin Kebbi. Wannan jawabi a kan irin waɗannan masu yawan mabiya yake, watau abin da doka ta ba su, da abin da ke wuyansu.

Neman 'yancin magana tsohon abu ne a ƙasar nan. Wajen shekarar 1788, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ya raba musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiya ba, sai ya roƙi abubuwa biyar. Na farkonsu a bar shi ya yi wa'azi, na biyu kada a hana kowa amsa kiransa. Da Nafata ya hau gadon sarauta ya hana sauran malamai wa'azi, kowa ya san inda al'amari ya kai Gobir. Hukumar da ta toshe bakin jama'a, kunnenta ta toshe.

Amma Shehun nan da ya nemi a bar shi ya yi magana, shi ne kuma ya fi kowa tsawata wa masu maganar. Tun yana Degel akwai waɗansu almajirai masu kafirta talakawa don sun kasa amsa tambayoyin ilmin tauhidi. Ya rubuta littattafai da dama yana kwaɓarsu. Bayan an ci Alƙalawa a 1808 ya dawo Sifawa, nan cikin ƙasar Boɗinga, ƙanensa Abdullahi kuwa ya zauna a Boɗinga kanta. Sun saɓa a kan waɗansu mas'aloli, kamar laƙaban sarauta da kiɗa. Abdullahi ya bayyana ra'ayinsa cikin Diya'us Sultan, Shehu ya bayyana nasa cikin Najmul Ikhwan. Kowannensu yana da mabiyan da kalma guda za ta isa ta tunzura su, duk da haka hujja suka kawo daga littattafai, ba wanda ya ci mutuncin ɗan'uwansa. Tsakanin garuruwan biyu tafiya ce kaɗan, ga su nan har yau.

Shagari ma tana da nata labarin, na kusa. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya fara da koyarwa da rubuta waƙa, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa ƙarshen 1983, jaridun 'yan hamayya kuwa ba su raga masa ba. A zamaninsa ne, cikin 1983, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saki Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa ɗauri saboda littafin da ya rubuta yana sukar Gwamnan Anambra. Alƙalai suka ce dokar tunzura jama'a da aka gada daga Turawa ba ta dace da tsarin mulkin ƙasa mai 'yanci ba. Shekara guda bayan haka soja suka kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor. Wanda ya ga zamanin biyu ba ya bukatar a gaya masa wanne ya fi.

Yanzu sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa ikon faɗin ra'ayinsa da yaɗa labari. Sashe na 45 kuma ya yarda a yi dokar taƙaita shi domin zaman lafiya da kare haƙƙin waɗansu. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta yi faɗi ainun, har aka riƙa kama mutane da ita a kan suka kawai. A 2024 aka gyara sashenta na 24, aka mai da hankali kan ƙaryar da aka yaɗa don ta da fitina ko jefa rai cikin haɗari. Saboda haka mai cewa rijiyar burtsatse ta lalace, ko asibiti ba magani, ko ɓarayin daji sun hana noma, haƙƙinsa yake amfani da shi, kuma taimakon hukuma ya yi, ko da maganar ta yi ɗaci.

To, sai dai doka ba ta iya kamo magana bayan ta fita. A watan Mayu na 2022, a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, saƙon murya da aka tura a WhatsApp ya kai ga taron mutane suka kashe wata ɗaliba, ba alƙali ba shari'a. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, aka rufe makarantar, aka sa dokar hana fita a birni. Hotunan abin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, kowa yana ƙara nasa. A irin wannan rana mai mabiya dubu hamsin ba daidai yake da mai hira a shagon shayi ba, domin shi in ya ce a fito, akwai masu fitowa.

Lalle ne irin wannan mutum ya tambayi kansa kafin ya tura labari, ko gani ya yi ko ji ya yi, kuma daga wa. Hoton gawarwaki yakan zama na wata ƙasa ko na shekarun baya. Jita-jitar hari kuwa tana iya watsa kasuwa, ta sa a far wa baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba, ko a ɗora wa Fulanin ruga gaba ɗaya laifin mutum biyar. In ya soki hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma, ya soki aikin, ya ambaci wuri da rana, ya bar iyalinsa. In wani ya biya shi kuɗi don ya yabe shi, masu saurare suna da haƙƙin su sani. In kuwa labari ya tabbata ƙarya, ya koma inda ya faɗe shi ya warware da bakinsa, ya kuma roƙi waɗanda suka tura na farkon su tura na biyun.